Dokar Wata Shida Da Ta Ƙi Mutuwa: Yadda Yaƙi Da Ta'adda Ya Ci 'Yancin Jama'a A Birtaniya

Tun zamanin da, babu abin da Turawan Ingila suke tinƙaho da shi kamar cewa a ƙasarsu hukuma ba ta da ikon kama mutum ta ajiye shi haka kawai. In aka tambaye su hujja, sai su ambaci Magna Carta, watau takardar alkawarin da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita a shekarar 1215, da kuma dokar shekarar 1679 wadda ta ƙarfafa ikon alƙali na umurtar duk wanda ya tsare mutum ya kawo shi gabansa ya faɗi dalili. Wannan ƙa'ida ce suka koyar a ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka, ko da yake ba kullum suka bi ta a can ba, kuma daga gare su ne kotunan zamani na Nijeriya suka gaje ta.

To, amma cikin shekaru hamsin da 'yan kai da suka wuce, wannan ƙa'ida ta sha wuya a gidan ubanta. Soja ba su yi juyin mulki a Landan ba, ba a kuma rufe majalisa ko kotu ba. Wakilan da jama'a suka zaɓa su ne suka riƙa zaftare 'yancin da hannunsu, kaɗan-kaɗan, kowane karo bayan wani mummunan hari, kowane karo kuma da alkawarin cewa na ɗan lokaci ne.

TUSHEN ABIN A AILAN TA AREWA

Asalin al'amarin shi ne rikicin Ailan ta Arewa, tsakanin masu son lardin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya, waɗanda akasarinsu 'yan Furotesta ne, da masu son ya haɗe da Jamhuriyar Ailan, akasarinsu 'yan Katolika. Daga 1969 zuwa 1998 wannan rikici ya ci rayukan mutum kimanin 3,500, kuma ƙungiyar IRA mai ɗauke da makamai ita ce ta fi kowa kisa a ciki.

A lardin akwai wata dokar iko na musamman da aka kafa a 1922 domin ta yi shekara guda. Aka yi ta sabunta ta har aka mai da ita ta dindindin a 1933. Da ita aka kafa hujja ran 9 ga watan Agusta na 1971, sa'ad da soja suka faɗa gidajen mutane da asuba suka kama mutum 342 domin a tsare su ba tare da shari'a ba. Takardar sunayen da aka bi tsohuwa ce, cike da kurakurai, har ya zama dole a saki fiye da mutum 100 cikin kwana biyu. Kafin a daina irin wannan tsarewa a watan Disamba na 1975, an tsare mutum 1,981, kuma 107 ne kaɗai daga cikinsu suka fito daga ɓangaren Furotesta.

Mutum 14 daga cikin waɗanda aka kama an keɓe su aka gana musu azaba iri biyar: rufe kai da buhu, tsayuwa a jikin bango na sa'o'i masu yawa, ƙara mai toshe kunne, hana barci, da hana ci da sha. A 1978 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa abin da aka yi musu wulakanci ne da rashin tausayi wanda yarjejeniyar Turai ta haramta. Sa'an nan zanga-zangar ƙin jinin wannan tsarewa ce ta fito da jama'a a birnin Derry ran Lahadi 30 ga Janairu na 1972, inda soja suka harbe mutum 13 nan take, na 14 ya cika daga baya. Sai a 2010, bayan wani dogon bincike, Firayim Minista David Cameron ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Garin neman gira aka rasa ido: shekarar 1972 ita ce ta fi kowace muni a rikicin, an kashe kusan mutum 500, kuma samari suka yi ta tururuwa zuwa cikin IRA.

A 1973 kuma aka kafa kotunan da ake kira na Diplock, inda alƙali guda yake yanke hukunci ba tare da 'yan juri ba, watau mutanen gari 12 da bisa al'adar shari'ar Ingila su ne suke yanke ko mutum ya aikata babban laifi ko bai aikata ba. Dalilin da aka bayar shi ne 'yan bindiga suna tsoratar da 'yan juri, kuma lalle akwai gaskiya a ciki.

DAREN BIRMINGHAM

Ran 21 ga watan Nuwamba na 1974 bamabamai suka tashi a mashaya biyu a tsakiyar birnin Birmingham, suka kashe mutum 21, suka raunata fiye da 180. Ƙasa ta ɗau zafi. Aka riƙa dukan 'yan asalin Ailan a masana'antu, ana jifan gidajensu da kantunansu. Kwana takwas bayan harin, Ministan Harkokin Cikin Gida Roy Jenkins na gwamnatin Leba ya riga ya sami sabuwar doka a hannu, mai suna Dokar Hana Ta'addanci, wadda a jikin sunanta ma an rubuta cewa tanade-tanade ne na wucin gadi. Shi da bakinsa ya shaida wa majalisa cewa ikon da ta ƙunsa mai tsanani ne ƙwarai, ba a taɓa ganin irinsa a lokacin zaman lafiya ba. Wa'adin da aka ɗebar mata wata shida ne.

Dokar ta haramta IRA. Ta ba 'yan sanda ikon riƙe mutum awa 48 bisa zargi kawai, ta kuma ba minista ikon ƙara kwana biyar a kai ba tare da wani alƙali ya sa baki ba. Har wa yau ta ba minista ikon korar ɗan ƙasa daga Ingila, Sikotilan da Wales zuwa Ailan ta Arewa, ba tare da an gaya masa shaidar da aka dogara da ita ba, abin da ya zama kamar gudun hijira a cikin ƙasar haihuwa.

Wata shida ya cika, aka sabunta. Aka sake rubuta ta a 1976, da 1984, da 1989. A 1988 Kotun Turai ta yanke, a ƙarar wani mai suna Brogan da abokansa, cewa ko riƙe mutum kwana huɗu da awa shida ba a kai shi gaban alƙali ba ya saɓa wa yarjejeniya. Maimakon ta gyara dokar, sai gwamnatin Margaret Thatcher ta sanar da cewa ta jingine wannan sashe na yarjejeniyar. Alƙaluman gwamnati da malami Paddy Hillyard ya tattara sun nuna cewa daga 1974 zuwa 1991 an kama fiye da mutum 7,000 a Ingila, Sikotilan da Wales da wannan doka, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 an sake su ba a tuhume su da kome ba. Shi ya sa ya ce an mai da 'yan Ailan al'ummar da ake zargi baki ɗaya, watau an yi musu kuɗin goro.

WAƊANDA SUKA SHA ƊAURI A BANZA

Cikin mutanen farko da aka riƙe da sabuwar dokar akwai wani saurayi, Paul Hill. Shi da Gerry Conlon da Paddy Armstrong da wata yarinya 'yar shekara 17, Carole Richardson, an tuhume su da dasa bamabaman da suka kashe mutum biyar a garin Guildford ran 5 ga Oktoba na 1974. Babu wata shaida a kansu sai takardun amsa laifi da suka sa wa hannu a ofishin 'yan sanda, waɗanda suka ce da duka da barazana aka karɓa. Aka yanke musu ɗaurin rai da rai a 1975. A 1977 wasu 'yan IRA da ake yi wa shari'a a Landan suka bayyana a kotu cewa su ne suka kai harin, amma aka yi kunnen uwar shegu da maganarsu. Sai a watan Oktoba na 1989, bayan an gano cewa 'yan sanda sun sarrafa takardun tambayoyin da aka yi musu, aka kuma ɓoye shaidar da ke nuna inda Conlon yake a daren, aka soke hukuncin. Mahaifin Conlon, Giuseppe, wanda ya zo Landan don ya nema wa ɗansa lauya aka haɗa da shi, ya mutu a kurkuku a 1980. An wanke shi shekara 11 bayan rasuwarsa.

Mutum shida da aka ɗaure kan harin Birmingham an kama su tun kafin dokar ta fara aiki, amma iska guda ce ta kwashe su. An dogara da amsa laifin da huɗu daga cikinsu suka yi bayan sun sha duka, da wani gwajin kimiyya da aka ce ya nuna sun taɓa abin fashewa, wanda daga baya aka gano cewa ko katin karta mutum ya riƙe zai iya ba da sakamako irin wannan. A 1980 babban alƙali Lord Denning ya hana su ƙarar 'yan sanda, bisa dalilin cewa in har maganarsu gaskiya ce, to, yana nufin 'yan sanda sun yi rantsuwar ƙarya da duka, abin da ya ce ya yi muni da yawa a bari a ci gaba da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ran 14 ga Maris na 1991 aka sake su, bayan shekara 16. A watan Disamba na 1974 an nemi majalisa ta maido da hukuncin rataya ga masu kisan ta'adda, ta ƙi. Da ta yarda, da wuya a sami wanda za a saka. Iyalan mutum 21 ɗin nan kuwa, su ma an cuce su, gama duk shekarun da marasa laifi suke kurkuku, ainihin masu laifin suna yawonsu.

ABIN DA AKA YI DON 'YAN TA'ADDA YA KOMA KAN KOWA

Wani hali na irin waɗannan dokoki shi ne ba sa tsayawa inda aka ajiye su. A 1988 aka kafa oda a Ailan ta Arewa cewa kotu na iya ɗaukar shirun da wanda ake zargi ya yi a gaban 'yan sanda a matsayin abin da zai ƙara masa nauyi. An ce saboda 'yan IRA ne, waɗanda aka horar su kame bakinsu. Shekara shida bayan haka, a 1994, aka shimfiɗa wannan ƙa'ida kan kowane mai laifi a Ingila da Wales, har ɓarawon keke.

A watan Oktoba na 1988 ɗin dai, Minista Douglas Hurd ya hana gidajen rediyo da talabijin sa muryar wakilan jam'iyyar Sinn Féin da wasu ƙungiyoyi, alhali jam'iyyar halattacciya ce, shugabanta Gerry Adams kuma zaɓaɓɓen ɗan majalisa ne. Gidajen watsa labarai suka koma ɗaukar 'yan wasan kwaikwayo suna maimaita maganarsa a kan hotonsa, har zuwa 1994 da aka janye hanin.

Ran 10 ga Afrilu na 1998 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Belfast. Mai hankali zai zaci cewa dokar wucin gadi ta zo ƙarshe ke nan. Abin da ya faru shi ne gwamnatin Tony Blair ta kafa Dokar Ta'addanci ta 2000, ta dindindin, wadda ta tattara yawancin tsofaffin ikon, ko da yake ta yar da korar ɗan ƙasa, ta kuma mai da ƙarin kwanakin tsarewa hannun alƙali. Sai dai ta faɗaɗa ma'anar ta'addanci ƙwarai, ta haɗa da duk wani aiki ko barazana don wata manufa ta siyasa ko addini ko aƙida, har da mummunar ɓarnar dukiya ko da ba a taɓa lafiyar kowa ba. Wannan kuwa shekara guda ne kafin harin da aka kai Amurka.

KURKUKUN BELMARSH

Wata uku bayan harin 11 ga Satumba na 2001, majalisa ta amince da wata doka da ta ba minista ikon tsare baƙo ɗan wata ƙasa har illa ma sha Allahu, muddin ya zarge shi da ta'adda kuma ba a iya mai da shi ƙasarsa saboda tsoron za a azabtar da shi. Mutum 16 aka tsare haka, Musulmi, da yawansu daga Afirka ta Arewa, akasari a kurkukun Belmarsh da ke Landan. Ba a tuhume su ba, ba a kuma nuna musu shaidar asirin da aka riƙe ba. An naɗa musu lauyoyi na musamman waɗanda za su ga shaidar, amma da zarar sun gani, ba su da izinin tattauna ta da mutumin da suke karewa. Yaya mutum zai ce ba ya nan ran da abu ya faru, alhali ba a gaya masa ranar ba?

Ran 16 ga Disamba na 2004 manyan alƙalan ƙasa tara suka zauna, takwas suka yanke cewa dokar ta saɓa wa haƙƙin ɗan Adam, akasarinsu domin ta nuna bambanci tsakanin baƙo da ɗan ƙasa, alhali haɗarin daga ɓangarorin biyu yake. Ɗaya daga cikinsu, Lord Hoffmann, ya ce ainihin barazana ga rayuwar al'ummar, a matsayinta na mutanen da suke zaune bisa dokokinsu na gado, daga irin waɗannan dokoki take fitowa, ba daga 'yan ta'adda ba.

Gwamnati ta sake dabara a 2005, ta kawo umurnin takurawa. Mutum zai zauna a gidansa da na'ura ɗaure a idon sawu, a hana shi fita har awa 18 a yini, a hana shi waya da intanet, baƙo ba ya shiga sai da izini, wani lokaci ma a ɗauke shi a kai shi garin da bai san kowa ba. Alƙalai suka sake taka birki: a 2007 suka ce awa 18 ɗauri ne da wani suna, a 2009 kuma suka ce dole a gaya wa mutum gundarin zargin da ake yi masa. A 2011 aka maye gurbin tsarin da wani mai ɗan sassauci.

CINIKIN KWANAKI

A Ingila, wanda ake zargi da kisan kai ma ba a iya riƙe shi fiye da awa 96 ba tare da an tuhume shi ba. Ga wanda ake zargi da ta'adda kuwa, kwana bakwai na 1974 ya zama 14 a dokar 2003. Bayan harin 7 ga Yuli na 2005, wanda ya kashe mutum 52 a jiragen ƙarƙashin ƙasa da motar safa a Landan, Blair ya nemi kwana 90. Hujjar 'yan sanda ita ce masu ƙunar baƙin wake ba a jira su gama shiri, dole a kama su da wuri, sa'an nan ga kwamfutoci masu kulle da za a buɗe, ga bincike a ƙasashen waje. Ran 9 ga Nuwamba na 2005 Majalisar Wakilai ta ƙi, da ƙuri'a 322 a kan 291, wanda shi ne kayen farko da Blair ya sha a zauren tun hawansa a 1997. Aka daidaita a kan kwana 28.

A 2008 magajinsa Gordon Brown ya nemi kwana 42. Ya tsallake Majalisar Wakilai da ƙuri'a tara kacal, amma Majalisar Dattawa ta kayar da shirin da ƙuri'a 309 a kan 118. Da aka zo bitar dokokin a 2011, sai aka tarar mutum 11 ne kaɗai aka taɓa riƙewa fiye da kwana 14, kuma daga cikin shidan da aka riƙe har ƙarshen wa'adin, uku an sake su ba tuhuma. Aka koma kwana 14, wanda har yanzu ninki biyu ne na abin da Jenkins ya kira mai tsanani.

TSAYA A LALUBE KA

Sashe na 44 na dokar 2000 ya ba ɗan sanda ikon tsai da kowa ya lalube shi ba tare da wani dalilin zargi ba, a yankin da aka ayyana. An yi nufin ɗan wuri ne na ɗan lokaci, amma sai aka ayyana birnin Landan baki ɗaya, ana ta sabuntawa shekara da shekaru. A shekarar 2009 zuwa 2010 an tsai da mutane fiye da sau 100,000, aka kama kimanin 500 kan laifuffuka dabam-dabam, babu ko guda kan ta'adda. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya sun fi kowa shan wannan lalube in aka gwada da yawansu.

A 2005, a taron jam'iyyar Leba a Brighton, wani dattijo ɗan shekara 82, Walter Wolfgang, wanda ya tsere wa mulkin Nazi a Jamus yana yaro, ya katse Ministan Harkokin Waje Jack Straw da ihu sa'ad da yake magana kan Iraƙi. Aka fitar da shi da ƙarfi, da ya nemi komawa kuma aka tsai da shi da sashe na 44. Wani ɗalibi da wata 'yar jarida da aka lalube a 2003 kusa da kasuwar baje kolin makamai su ne suka kai ƙara Kotun Turai, suka yi nasara a watan Janairu na 2010, aka soke sashen daga bisani. A 2008 ma, da wani bankin ƙasar Iceland ya durƙushe, dokar 2001 aka ɗauko aka riƙe kadarorinsa, abin da ya fusata mutanen wannan ƙaramar ƙasa ƙwarai.

A filayen jirgin sama da tashoshin ruwa kuwa akwai jadawali na 7 na dokar, wanda ya ba da ikon tsare matafiyi ba tare da zargi ba, kuma ƙin amsa tambaya laifi ne. Da shi aka riƙe David Miranda kusan awa tara a Heathrow a watan Agusta na 2013, aka ƙwace na'urorinsa, saboda yana ɗauke da takardun da Edward Snowden ya fallasa zuwa ga ɗan jarida Glenn Greenwald. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsai da shi bai saɓa wa doka ba, amma ita dokar ba ta ba kayan aikin 'yan jarida isasshiyar kariya ba.

DAGA MAKARANTA ZUWA DANDALIN MAJALISA

A 2015 wata doka ta ɗora wa malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da jami'o'i alhakin sa ido kan wanda suke ganin zai karkata ga ta'adda, a ƙarƙashin shirin da ake kira Prevent. A shekarar farko an kai rahoton mutum 7,631, fiye da rabinsu 'yan shekara 20 zuwa ƙasa, kuma 381 ne kawai aka ga suna bukatar taimakon shirin. Kimanin kashi 65 cikin 100 na rahotannin sun shafi zargin tsattsauran ra'ayin Musulunci, alhali Musulmi a lokacin kimanin kashi biyar ne na jama'a. Rigar zargin da 'yan Ailan suka sa a da, ita aka rataya wa Musulmi.

Sa'an nan a 2025 aka ga inda faɗin ma'anar ta'addanci zai iya kaiwa. A watan Yuni wasu 'yan ƙungiyar Palestine Action suka kutsa sansanin sojan sama na Brize Norton suka fesa wa jirage biyu jan fenti. Gwamnati ta nemi a haramta ƙungiyar a matsayin ta 'yan ta'adda, ta haɗa ta a takarda guda da wasu ƙungiyoyi biyu masu aƙidar wariyar launin fata, Majalisar Wakilai kuma ta amince da ƙuri'a 385 a kan 26. Daga 5 ga Yuli na shekarar, zama ɗan ƙungiyar ko kira a goya mata baya ya zama laifin da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 14. Ran 9 ga Agusta 'yan sanda suka kama fiye da mutum 500 a dandalin majalisa, yawancinsu saboda riƙe kwali, kimanin rabinsu 'yan shekara 60 zuwa sama. Shugaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya ce matakin ya wuce kima.

HUJJAR KOWANE ƁANGARE

Adalci ya wajabta a ji ta bakin gwamnati. Haɗarin ba ƙage ba ne. A 1984 IRA ta dasa bam a otal ɗin da Thatcher take a Brighton, ya kashe mutum biyar. A 2017 an kashe mutum 22 a wurin wasa a Manchester, da yawansu yara. Ministan da aka kai wa rahoton asiri da dare ya san cewa in ya sassauta aka yi kisa, shi za a tuhuma, in kuwa ya tsananta aka cuci baƙo guda, 'yan ƙalilan ne za su damu. Rigakafi, in ji masu wannan ra'ayi, ya fi magani.

Masu suka kuwa suna cewa manyan makirce-makircen da aka daƙile, kamar na tayar da jiragen sama da bam na ruwa a 2006, an gano su ne ta hanyar leƙen asiri da haƙuri, aka kuma ɗaure masu laifin a buɗaɗɗiyar kotu a gaban 'yan juri. Suna ƙarawa da cewa babu makamin da ya fi labarin da maƙwabci yake kai wa 'yan sanda, kuma al'ummar da aka mai da abar zargi ba ta buɗe baki. Bugu da ƙari, Birtaniya ta daɗe tana hana a gabatar da maganganun da aka saurara ta waya a asirce a matsayin shaida a kotun laifi, domin kare dabarun jami'anta, sa'an nan ta dawo ta ce ba ta iya gurfanar da mutum saboda rashin shaida.

Abin lura shi ne, duk inda aka ja da baya a wannan tarihi, wani ne ya tsaya. Alƙalan 2004 ne, da 'yan majalisar Leba 49 da suka bijire wa shugabansu a 2005, da ɗan jarida kuma ɗan majalisa Chris Mullin wanda ya yi shekaru yana tono maganar mutanen Birmingham ana yi masa ba'a, da lauya mai zaman kansa da doka ta tanada ya riƙa bitar dokokin yana buga rahoto a fili. Duk da haka nan, gyaran yakan zo ne bayan shekaru, kuma bai cika mai da abin inda yake tun farko ba.

Nijeriya ta kafa tata dokar hana ta'addanci a 2011, ta gyara ta a 2013, ta maye gurbinta da sabuwa a 2022, alhali sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana guda, ko biyu in kotun tana da nisa. Waɗanda suka manyanta kuma suna tune da Doka ta 2 ta 1984, wadda soja suka riƙa tsare mutane da ita har zuwa 1999. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayoyin da tarihin Birtaniya ya nuna ya kamata 'yan majalisa su yi wa kowane shirin doka irin wannan sanannu ne: wane ne zai ga shaidar, kwana nawa za a yi kafin alƙali ya ga mutumin, wace rana ce ikon zai mutu in ba a sabunta shi ba, kuma mutum nawa aka kama da shi bara aka same su da laifi.